Tabon da Na Ɗauka Lalle Ne

A watan nan kaɗai mata uku sun fita gidanmu suna fushi da ni, don na ƙi yi musu ƙunshi a ƙafa. Ɗaya har ta tsaya a zaure tana cewa tun da uwata ta rasu na zama likita ba takarda. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya same mu, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Sunana Barira. A Madarunfa aka haife ni, a nan nake aure, gida uku ne tsakanina da gidan iyayena.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta wajen tabki ya san Tsahara mai ƙunshi. Ita ce Innata. Shekara kusan arba'in ba a kai amarya a unguwar ba sai ta biyo ta hannunta. Ita kanta, tun da na yi wayo ban taɓa ganin tafin ƙafarta fari ba: baƙi wuluk har gefen dunduniya, farce ja. A wurinta macen da mijinta ke da rai ba ta yawo da farar ƙafa. Mijin nata, Babanmu Malam Idi, tsohon direba ne a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa, ya ajiye tuƙi da idonsa ya yi rauni.

Shekara shida Inna ta yi da ciwon sukari. Da ƙishirwa ya fara, da yawan fitsari, da rama. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya ɗora ta a kan ƙwayoyi, ya hana ta sukari a koko da fura. Tana bi, amma in ba na nan takan yi wa dokar kwaskwarima. Daga baya ta fara cewa ƙafafunta na yi mata kamar kiyashi na bi, sannan ta ce ji take kamar a kan auduga take tafiya. Wata ranar kasuwa ta dawo gida da silifa ɗaya a ƙafa, ɗayar ta zame tun a hanya ba ta sani ba. Muka yi ta dariya, ni na fi kowa.

Majo bai yi dariya ba da na ba shi labari. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa mata tafin ƙafa da wani siririn zare mai tauri yana cewa ta faɗa in ta ji. Sau goma ya taɓa, sau biyu ta amsa. Ya nuna mini wata kanta mai tauri a ƙasan babban yatsanta na dama, ya ce daga irin wannan wurin gyambo ke ɓullowa. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin mishan da ke kula da kutare, wanda ke da masu haɗa takalma.

"Wurin kutare za ka tura ni?" in ji Inna. "Mi na yi maka, Majo?"

Sati biyu muka yi muna lallashi kafin ta yarda. Ranar da za mu, ta rufa da babban mayafi kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, kada wani ya gane ta.

Mai haɗa takalman wani dattijo ne Kirista ɗan Maraɗi, Malam Bulus, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya sa Inna ta taka wani akwati mai soso, sawunta ya fito ras, ya auna, ya zana, ya ce mu dawo bayan kwana bakwai. Da muka koma ya fito da baƙin takalmi rufaffe mai faɗin baki. A cikinsa akwai shimfiɗa mai laushi da ake iya cirewa, ita yake kira semel. Samanta fari-fari ne, kuma ya ƙwaƙule ɗan gurbi daidai inda kantar take, don nauyin jiki ya bar faɗawa a wuri ɗaya. Kuɗin duka bai kai na turmin atamfa mai kyau ba.

Sai ya juyo wurina. Maganarsa har yau tana kunnena.

"Ɗiyata, zahi shi ne mai gadin ƙahwa. Mai gadin Inna ya tahi, ba ya dawowa. Ke ce mai gadi yanzu. Kullum kahin rana ta hwaɗi ki duba tahin ƙahwarta, ki duba tsakanin yatsu, ki ciro semel ki duba ta ita ma. Kin ga ja, ko jiƙa, ko tabo, kada ki jira gobe."

Ya ƙara da cewa ba tafiya ba takalmi ko daga ɗaki zuwa madafa, ba ruwan zafi, ba reza a kan kanta. Duk Inna tana gyaɗa kai. Sai ya ɗaga ƙafarta ya kalli baƙin lallen.

"Wanga kuma shi ne na ƙarshe, Inna. A hannu ki yi har gwiwar hannu in kina so. A ƙahwa a'a. In hwata ta yi baƙi, ɗiyarki ba ta ganin komi."

"Kai Malam," in ji Inna, "matarka ba ta ƙunshi ne?"

Ya yi dariya ya ce tana yi, amma ita mai gadinta na nan.

Wata takwas muka yi lafiya lau, ina so a san wannan. Takalmin ya yi aikinsa. Kantar ta yi laushi har ta kusa ɓacewa, Majo ya gani ya yaba. Kowace la'asar in na sauke tukunya sai in taho, in zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske yake, in ɗora ƙafarta a cinyata. Ta sa mini suna duwan, irin masu binciken kaya na kan iyaka a Ɗan Issa. Da ta ji sallamata sai ta ce wa Baba, "Malam, ɓoye kayanka, ga duwan ta iso." Semel ɗin kuwa katifar ƙafa take ce mata.

Abin da ban auna ba shi ne yadda farar ƙafar ke cin ta a rai. Lallen ya koɗe a hankali har tafin ya fito fari fat. A gidan suna, a gidan biki, sa'o'inta ba su bar ta ba. "Tsahara, takabar wa kike yi, ga Malam Idi zaune a zaure?" Takan rama, don bakinta bai mutu ba, amma in mun dawo gida sai ta zauna tana kallon ƙafafunta. Tana ƙunsa ƙafafun mutane tun safe har azahar, nata suna cikin takalmin da yaran unguwa ke kira na soja.

Bayan kaka aka sa bikin Sa'a, autarmu, malamar lakwal, wato makarantar boko, da wani mutumin garin Sarkin Yamma. Sanyi ya fara shigowa. Gwaggo Habsu, yayar Baba, ta taho daga Safo tun saura mako guda. Ana saura kwana uku Inna ta ƙunsa amarya da ƙawayenta da hannunta, washegari da hantsi ta kira ni ɗaki, na tarar ta riga ta kwaɓa lalle a ƙwarya.

"Barira, zo ki sa mani."

"Inna, kin ji abin da Malam Bulus ya ce."

"Na ji. Sau guda ne. Sati uku ya koɗe."

Na ce a'a. Ta sake, na sake cewa a'a. Gwaggo da ke tsince shinkafa a bakin ƙofa ta sa baki. "Yo lalle ba ganye ba ne? Yaushe ganye ya zama guba? Uwar amarya ta hito da ƙahwa kamar ta mai dakan gari, dangin miji su ce mi?"

Ban kula Gwaggo ba, na saba da ita. Inna ce ta karya ni. Ba ta yi faɗa ba, ta dai kalli ƙafafunta ta ce a hankali, "Amaren unguwar ga duk ni na ƙunsa su. Wagga auta ce, ba ni da wata bayanta." Na ga hawaye a idonta, ni kuwa tun rasuwar kakarmu ban ga Inna ta yi kuka ba. Na janyo ƙwaryar.

Ni na sa mata, da hannun nan da nake rubutu. Da lallen ya kama na wanke, na kwaɓa gishirin lalle da toka na shafa don ya yi baƙi, na ɗaure da leda da tsumma. Da yake akwai sanyi kuma aiki na jiranmu, Gwaggo ta turo kaskon gawayi kusa da ƙafafun don ya kama da wuri. Haka kowa ke yi, haka na ga Inna na yi tun ina yarinya. Na fita duba masu daka. Da na dawo na ga ledar ƙafar dama ta yamutse ta gefen kaskon, na yi sauri na janye shi.

"Inna, da zahi?"

"Ko kaɗan."

Ƙafar da aka gaya mini ba ta jin zafi, ita na tambaya ko tana jin zafi, kuma na yarda da amsar.

Ƙunshin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baba da ba ya gani sosai ya ce ta matso da ƙafar kusa, ya duba ya duba, ya ce, "Ashe amare biyu gare mu bana." Inna ta rufe fuska tana dariya kamar yarinya. Ta fito da takalmin biki da aka kawo mata tsaraba daga Katsina, mai tsukakken baki da duwatsu masu ƙyalli. Na gwada cusa semel a ciki, ta ƙi shiga. Kwana uku Inna tana tsaye a cikin takalmin nan, tana tarbar baƙi, tana rabon abinci, ranar kai amarya har rawa ta taka. Na yi shekaru ban gan ta cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba.

Da aka watse ta koma takalmin Malam Bulus da kanta, ni ma na koma aikina na duwan. Na ɗora ƙafar a cinya, na duba, baƙi ne kawai ko'ina, sumul. Da na ciro semel ta dama sai na ga tabo a gurbin babban yatsa, ja mai duhu, faɗinsa kamar ƙwandalar dala biyar. Na ce a raina lalle ne ke zuba. Na wanke da sabulu, na shanya a kan danga. Bayan kwana uku na sake ganinsa, ya fi na farko faɗi. Na sake wankewa, har ina mita cewa lallen bana ba shi da riƙo. Inna tana zaune a tabarma tana kallona.

Ƙafa biyu na ƙunsa, tafi duka biyu baƙi ne daga yatsu har dunduniya. Me ya sa ban tambayi kaina dalilin da lalle zai zuba a wuri ɗaya tak ba? Wannan tambayar na yi wa kaina ita ya fi a ƙirga, kuma ba ni da amsa sai gajiyar biki da son zuciyata ta kwanta.

A mako na biyu ƙuda suka tona. Na lura suna bin ƙafar dama duk inda ta ajiye ta, sannan na ji wari, sannan zazzaɓi ya rufe ta. Na ɗora ta a kabu-kabu sai wurin Majo. Ya goga auduga a ƙasan yatsan, baƙar fatar ta saluɓe gaba ɗaya, sai ga rami a ƙarƙashi wanda kan yatsana zai shige. Ƙuna ce, ta yi ruwa, ta fashe a cikin takalmin biki, ta ci ciki. Inna tana kallon rufin ɗaki, ko motsi ba ta yi ba.

"Tun yaushe kika ga alama?" Majo ya tambaye ni.

"Yau," na ce. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Ya ce wanki kullum, ƙwayoyi safe da yamma, kada ƙafar ta taɓa ƙasa, in kwana huɗu ba sauƙi sai Maraɗi. Kowane wanki dala ɗari uku, ban da magani.

Nan fa masu dubiya suka buɗe asibitinsu a tsakar gidanmu. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce a gasa da ruwan gishiri mai zafi, wani ya ce akwai mai magani a bayan Jibiya da ba a kai masa gyambo ya kwana bakwai. Gwaggo Habsu, da ta fasa komawa Safo, ta yanke hukunci cewa sammu ne: mahassada sun ga bikin ya yi armashi sun binne abu a bakin ƙofa, Inna ta taka. Rana ta uku na je gidana in ɗora girki, kafin in dawo ta kwance bandejin Majo ta cika ramin da garin bagaruwa da man shanu. Na manta da girmanta, na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa yayar uba. Baba ya kira ni zaure ya ce in ba ta haƙuri, don alheri take nufi. Na sani alheri take nufi. Duk abin da ya kashe Inna da nufin alheri aka yi shi, har da nawa.

Mako na uku muna babban asibiti a Maraɗi. Mun yi sammako, amma sai bayan azahar muka ga likita, Inna na kwance a benci kanta a cinyata. Akwai mai tsaron ƙofar da ya riƙa daka mana tsawa kamar mun zo roƙo, ban yafe masa da wuri ba. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya, ƙaramar yarinya ce a kaina, da ke wanke ciwon nan kullum ba ta taɓa toshe hanci ba, tana yi tana cewa, "Sannu Mama, saura kaɗan." Ko sunanta ban riƙe ba, amma ba na sallah in manta da ita. Likitan ya duba ya juya wurin abokin aikinsa yana Faransanci, bai san na yi lakwal ba. Kalma ɗaya ta tsaya mini: gangiren. Na tambaye shi da Hausa, ya ce naman ya mutu, sai an cire babban yatsa da mai bi masa.

Aka cire. Aka mayar da ita kan allurar sukari. Kullum da sabuwar takardar magani, kullum ina hanyar farmasi. Awakin Inna huɗu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, mijina ya sayar da geron da ya ajiye don bazara bai ce mini uffan ba, Sa'a da ko wata biyu ba ta yi a ɗakinta ba ta kwashe 'ya'yana ta tafi da su Sarkin Yamma. Ni ina ƙarƙashin bishiya da sauran masu jinya, muna aron murhu da tabarma. Kwana goma muka yi muna sa rai, don wurin ya fara yin ja mai kyau.

A mako na biyar baƙi ya ɓullo a bayan ƙafar yana hawa wajen idon sawu. Wannan karon na gan shi sarai, don a wurin ba lalle. Likita ya kira Baba ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma a yi cikin kwana biyu. Baba ya riƙe takardar sa hannu, ya ce sai ya ji ta bakinta.

"Da biyu na zo duniya, Malam," in ji Inna. "Da biyu za ku kai ni. Ku maishe ni gida."

Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa. Gwaggo ta ce ba a taɓa yanka mace a danginsu ba. Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya bi maganar matarsa. Muka dawo Madarunfa da ledar magunguna. Kwana tara muka yi a gida, kuma su ne kwanakin da likita ya ce daga baya da mun ba shi su, da wataƙila labarin ya sauya.

Limamin unguwa ya zo ya ce mata ba laifi a addini a cire gaɓa don a tsira da rai, Wanda ya halicce ta ba zai rasa inda ƙafarta take ba ranar tashi. Ta ji, amma ba ta sauya ra'ayi ba. Ranar Asabar sai ga Malam Bulus a kan tsohon babur ɗinsa, Majo ne ya gaya masa. Na zaci faɗa zai yi. Inna da ta ji muryarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ta.

"Inna, ban zo tambayar yadda aka yi ba," ya ce. "Mu da ke haɗa takalmi, muna haɗa ƙahwa ma. Ki ba su guda, ki riƙe ranki. Ni zan auna ki da hannuna, in Allah ya yarda ki taka har gidan autarki."

Daga cikin mayafin ta ce, "Malam, na ci amanarka."

"Ba ki ci ba. Biki ne, kowa na da ɗiya."

Ko ruwa bai tsaya sha ba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya yi tsanani har tana sambatu, da ta farfaɗo ta ce wa Baba ya sa hannu.

Ana gobe za a yi aikin, da la'asar, ina zaune a gefen gadonta a Maraɗi. Lokacin duba ƙafa ne, jikina ya saba, sai na ga na janyo ta hagu na ɗora a cinyata. Abin da na riƙe mako bakwai ya ƙi riƙuwa. Na gaya mata na ga tabo a semel tun kwana biyu da gama biki, sau biyu na gani, sau biyu na wanke, na ɗauka lalle ne, kuma na yi wa Majo ƙarya. Na ce ta yafe mini, ni aka ba gadi na yi barci.

Ta ɗora hannu a kaina.

"Barira, shekara arba'in ina ƙunshi. Kina tsammani ban san lalle ba, ban san jini ba? Ina zaune ina kallon ki kina wankewa. Tun na hwarko na gane."

"To don mi ba ki hwaɗi ba, Inna?"

"In na hwaɗi, a ce bikin Sa'a ya ci ƙahwata, ta shiga ɗakin miji da wannan a ka. A ce ke kika sa mani. In koma wurin bawan Allahn can da baƙar ƙahwa in ce mishi mi? Na ce bari in yi shiru, ƙila ya warke kahin lallen ya koɗe." Ta numfasa. "Ke ba ki sani ba, ni na sani. In akwai mai neman gahwara, ni ce."

An yi aikin. Ta farka, ta sha kunu, ta tambayi 'ya'yana, har ta ce in gaya wa Malam Bulus kada ya yi mata ƙafar soja. Kwana na uku fitsari ya tsaya, jikinta ya kumbura. Likita ya ce dafin ciwon ya riga ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Kwana na huɗu, ana kiran sallar la'asar, Inna ta cika, Baba na riƙe da hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ni da Gwaggo Habsu muka yi mata wanka. Da muka zo kan ƙafar hagu sai na tsaya. Lallen ya koɗe daga tafin, fatar ta fito fes, ba kanta, ba tsaga, ba ko ƙwarzane, ƙafar da wata takwas na gadi suka gyara. A farcen babban yatsa kawai jan ya rage, sabon farce fari ya ɗan turo shi gaba. Gwaggo ta kama ƙafar da hannu biyu ta fashe da kuka tana cewa ita ta turo kaskon. Na rungume ta, don ban ga wanda zai jefi wani a cikinmu ba.

Sa'a ba ta san zancen tabon ba sai da na zo rubuta wannan, na je har Sarkin Yamma na gaya mata baki da baki. Mun yi kukanmu, ta ce in rubuta. Baba ya bar zaman zaure, yanzu a bakin ƙofar ɗakinta yake wuni.

Bayan sadakar arba'in na mayar wa Malam Bulus takalmin ko zai yi wa wani amfani. Ya karɓi takalmin, ya ciro semel ɗin biyu ya miƙo mini. Ya ce wannan ba ta yi wa kowa, a kan sawun mutum ɗaya ake yanka ta. Na duba na ga haka ne: dunduniyar Inna, da gurbin yatsunta, duk suna nan kwance a ciki.

Ni na gaji ƙwaryar lallen. Amma yanzu duk macen da ta manyanta, ko wadda na san tana da sukari, kafin in taɓa ƙafarta sai ta rufe ido na taɓa tafin da tsinken tsintsiya. In ba ta ji ba, hannu kawai nake yi mata, in ce ta je wurin Majo a auna ta, a yi mata katifar ƙafa tun ba ciwo, ta samu wanda zai riƙa duba mata kullum da sauran rana. Kasko kuwa ya bar kusantar ƙafar kowa a gidan nan. Wasu su gode, wasu su zage ni su tafi wurin wata.

Wadda ta tsaya gardama, nakan buɗe kwandon kayan ƙunshi in ciro semel ta dama in sa mata a hannu. In nuna mata gurbin babban yatsa, in tambaye ta mene ne wannan. Kusan duka lalle suke cewa. Sai in ce ni ma haka na ce, kuma sau biyu na wanke shi da sabulu, ga shi nan bai fita ba.